Ɗan'uwanmu Zai Yi Tseren Legas, Amma da Lokacin Wa?



A taron majalisar dattawa na watan jiya wata magana ta taso wadda ta ci mana kusan sa'a guda. Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu, malamin makaranta, uban yara huɗu, ya roƙa a sauke masa aikin ma'aji na wata huɗu. Dalilinsa shi ne yana so ya yi shirin tseren Legas, wato gudun nan na kilomita 42 da mita 195 da aka fara a 2016, wanda galibi akan yi a watan Fabrairu ranar Asabar. Shekara uku ke nan yana gudun kilomita 10 da sassafe, tun ranar da likita ya ce masa jininsa ya soma hawa. Yanzu yana so ya ninka wannan sau huɗu har da ɗoriya.

Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "To, wa ya koro shi?" Wani kuma ya ce magidanci da gajeren wando a bakin titi ba shaida mai kyau ba ce a garin da mu 'yan kaɗan ne, ido kuma yana kanmu. Mun saurare su da girmamawa, amma ba mu yarda da su ba.

Gudu ba zunubi ba ne. Mutanen Koranti sun saba da wasannin da akan yi kusa da birninsu kowace shekara biyu, inda ladan gwani rawanin ganye ne kawai. Da Manzo Bulus ya rubuta musu, bai tsawata wa masu tsere ba, sai ma ya ɗauki horon da suke yi wa kansu ya zama abin koyi ga masu bi. Ga Timoti kuma ya nuna cewa horar da jiki yana da nasa amfani, ko da yake bai kai na ibada ba. Mu da muke tsayawa bakin kabari mun san yawan magidantan da hawan jini da shanyewar jiki suka raba da 'ya'yansu tun ba su kai sittin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mu nawa ne a majalisa muke cika rabin wannan? Batun shaida kuwa, maƙwabtansa masu dawowa daga sallar asuba gaishe shi suke yi, har samari biyu daga cikinsu sun soma binsa.

Abin da ya kamata mu tambaya dabam ne, kuma lissafi ne. Kilomita 10 aikin sa'a ɗaya ne, mutum ya dawo kafin a gama yi wa yara wanka. Kilomita 42 ba haka yake ba. Shirinsa yakan ɗauki mako 16 ko fiye, ana fita kamar sau huɗu a mako, da doguwar fita guda wadda take ƙaruwa har ta kai wajen kilomita 30. Dole ne a yi hakan, domin sukarin da jiki yake ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen nan, wanda bai saba ba kuwa ƙafafunsa sai su ƙi shi. Ga wanda ba sana'arsa ba ce, wannan fita ta fi sa'a uku, in ya dawo kuma ba ya moruwa sai la'asar. Watannin shirin su ne Oktoba zuwa Janairu: ga girbi, ga bukukuwan aure, ga Kirsimeti, ga kuɗin makaranta. Ga kuɗin takalmi, da na mota zuwa Legas, da na masauki.

Waɗannan sa'o'i ba daga sama za su faɗo ba. Safiyar Asabar a gidajenmu tana da masu ita: ɗebo ruwa, wanki, cefane, kai yaro aski. In maigida yana kan titi, aikin bai ɓace ba, kan wata ya koma. Muka tambaye shi ko sun yi magana da maiɗakinsa. Ya ce, "Na gaya mata." 'Yan'uwa maza, gaya wa mace abu dabam ne da neman yardarta. A wasiƙar nan ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 7, ko domin addu'a ne miji da mata za su ƙaurace wa juna, sharaɗin shi ne su biyu su yarda, kuma ya zama na ɗan lokaci. In addu'a tana bukatar yardar mace, balle tsere.

Mu masu wa'azi muna son labarin Eric Liddell, ɗan Sikotilan da ya ƙi yin gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Faris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, ya kuma ci zinariya a mita 400. Yawanci a nan muke tsayar da labarin. Ba mu cika faɗin cewa da ya koma ƙasar Sin aikin bishara, a 1941 ya tura matarsa mai juna biyu da 'ya'yansa mata biyu Kanada saboda yaƙi, ya mutu a sansanin Japanawa a 1945 bai taɓa ganin 'yarsa ta uku ba. Ba muna zarginsa ba ne, Allah ya sawwaƙe. Muna cewa ne matarsa ma ta biya, mu kuwa ko sunanta ba ma ambata a bagade.

Saboda haka muka je gidan ɗan'uwan nan, tare da uwargidanmu. Maiɗakinsa ta kawo ruwa, ta zauna, muka tambaye ta ra'ayinta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baba Fasto, ni gudun bai dame ni ba. In gudu ya tafi, bakwai na safe ya dawo. Ku ne ba kwa sako mini shi sai tara na dare."

Ba mu sami abin cewa ba. Da muka koma gida muka ɗauki biro. Litinin kwamitin gini, Talata Sabon Rai, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Lahadi bayan sujada ƙirga baiko har azahar ta wuce. Sa'o'in da ikilisiya take ɗauka daga gidan nan sun kusa ninka na gudun sau biyu, ba mu kuwa taɓa zuwa neman yardar matar ba. A ƙananan ikilisiyoyi irin namu hannuwa kaɗan ne, shi ya sa duk wanda bai iya cewa a'a ba mukan ɗora masa muƙami uku, mu kira shi mai himma. Da ya nemi wata huɗu domin lafiyarsa da abin da ransa yake so, sai muka tuna yana da iyali.

Majalisa ta amince da roƙonsa, ko da yake dattijo ɗaya bai ɗaga hannu ba, muna kuma girmama matsayinsa. Su biyun ne suka tsara sauran da kansu. Zai koma wurin likita a duba zuciyarsa kafin ya ƙara nisa. Ba zai fita shi kaɗai cikin duhu ba. Kuɗin tafiya ba zai taɓa na makarantar yara ba. Yammacin Litinin da Alhamis yana gida, shi ne da aikin makarantar yara da wankansu. Daga Maris kuma Asabar ta zama tata, domin ta koma karatun ƙarshen mako da ta ajiye tun haihuwar na uku.

A taro mai zuwa za mu kawo shawara cewa kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da muƙami biyu, a kuma tashi kowane taron dare kafin ƙarfe takwas. Muna roƙon dattawan sauran ikilisiyoyi su yi irin wannan lissafi a kan nasu ma'aikata. Har yanzu dai ba mu sami wanda zai riƙe littafin kuɗi zuwa Fabrairu ba. Duk wanda ya iya lissafi, namiji ko mace, ya ga sakatare bayan sujada.