Lafiya Uwar Jiki: Awon jini mai neman ciwon daji

Ciwon daji, wanda ake ce ma kansa, yakan ɓuya cikin jiki har sai ya yi ƙarfi. A shekara ta 2021, a Amurka, aka fara sayar da wani sabon awon jini mai suna Galleri. Masu shi sun ce yana gano alamar kansa iri fiye da 50, domin daji yana zubar da ɓurɓushinsa cikin jini.

To, ya isa kuɗinsa? An sa masa dalar Amurka 949, wato fiye da jika 500 na sefa. Binciken 2021 ya nuna cikin mutum 100 masu daji, awon ya kama wajen 51. In ciwon yana farkonsa, 17 kawai ya kama. Alhali a farkon ne magani ya fi aiki. Ke nan wanda aka ce ma jininsa lafiya, yana iya saki jiki, ciwo na cinsa.

Manomi ko makiyayi kada ya sayar da sa saboda wannan awo. Akwai hanya mai sauƙi. Mace ta riƙa taɓa nononta. In ta ji kullutu, ta je likita ba jinkiri. Ta nemi a duba mata bakin mahaifa. A kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta, domin yana iya jawo dajin hanta. Gyambon da ya ƙi warkewa, a nuna ma lokotoro.

Rigakafi ya fi magani.