Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Gona da Kiwon Dabbobi ta Jihar Gombe kan Karen Talaka Mai Ciwon Zuciya

Mai girma Kwamishina,

Ina rubuto muku ne daga Nasarawo a kan maganar da wasu za su ji ta bambarakwai, wato ina talakan da ya tsinci kare ya raine shi zai dosa ranar da aka ce masa zuciyar karen ta taɓu.

Wani maigadi a layinmu ya tsamo kwikwiyo daga kwalbati bayan wani ruwan sama. Ya wanke shi, ya riƙa ba shi ƙanzo da ragowar tuwo har ya zama kare, kuma da shi yake kwana a bakin shagunan mutane. Ana nan sai karen ya fara tari, ya rame, in ya ɗan ruga sai haki, daga baya ciki ya kumbura. Likitan dabbobin da ya saurari ƙirjinsa ya ce daga zuciya ne, amma sanin ainihin cutar sai an gwada jini an ɗauki hoto, wataƙila ma sai tiyata. Bawan Allah bai ko tambayi kuɗin ba, ya ja karensa ya koma gida.

Ranku ya daɗe, ba na roƙonku ku kawo mana tiyatar buɗe zuciya ta karnuka. Ana yin ta a duniya. Dakta Masami Uechi na Yokohama a Japan ya yi suna wajen gyara marfin zuciyar kare, ana kuma yi a kwalejin likitocin dabbobi ta Landan. Sai an jona dabbar da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, kuɗin kuma yakan haura dala 10,000 nesa ba kusa ba. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ko ya yi shekara 10 bai taɓa ko kwabo ba, ba zai haɗa shi ba. Kuma na san abin da maƙwabtana za su faɗa, cewa yara nawa ne ke fama da ciwon zuciya iyayensu na yawon neman taimako daga masallaci zuwa gidan rediyo. Gaskiyarsu. Yaro ne a gaba, ba na kuma so a ɗauki ko sisi daga asibitin mutane a kai na dabbobi.

Sai dai ciwon zuciyar kare ba iri ɗaya ba ne, kuma jin an ambaci tiyata kawai shi ke sa mai kare ya yanke ƙauna tun bai san wanne ne nasa ba.

Akwai tsutsar zuciya, wadda an tabbatar da ita a karnukan Najeriya. Sauro ne ke ɗaukar ta daga kare zuwa kare. Cikin wata 6 ko 7 ta girma, ta zauna a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya, tsawonta ya kai santimita 30, ta yi shekaru tana toshe hanyar jini. Tari da rama da kumburin ciki duk suna cikin alamunta. In ta yi yawa sai an yanka jijiyar wuya an zaro ta. Amma tun kafin a kai nan, ɗigon jini ya isa a gano ta, kuma ƙwayar rigakafi sau ɗaya a wata, daga dangin maganin Ivermectin, tana hana ta girma. Duk wanda ya san yadda sauro ke yi mana a damina, ga kwatoci ga ruwan da ke kwanciya a lungu, ya san karen da ke kwana a waje cizo yake sha har asuba. A nan ina da gargaɗin da nake so ya fito daga bakinku ta rediyo: mutane na sayen Ivermectin na shanu a kasuwa su ɗirka wa kare da ka. Awon sa ba awon kare ba ne, kuma karen da tsutsar ta riga ta cika jininsa maganin na iya kayar da shi. Gwaji ne farko.

Akwai kuma wanda ake haihuwar kwikwiyo da shi, wata 'yar jijiya tsakanin manyan hanyoyin jini biyu da ya kamata ta rufe bayan haihuwa sai ta ƙi. In an bar ta, yawancin 'yan kwikwiyon ba sa cika shekara. In an gano da wuri, buɗe ƙirji ake yi a ɗaure ta da zare, ba a buƙatar wancan inji mai tsada, karen kuma ya rayu kamar kowane. Tun 1938 Dakta Robert Gross ya yi wa wata yarinya wannan aiki a Boston ta Amurka. Tsohon aiki ne. Muna da tsangayoyin likitancin dabbobi da asibitocinsu na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Jos. Ku zauna da su a san wanne ke iya wane aiki da nawa, a yi takardar turawa, don kada mutum ya kwashi hanya da dabba mara lafiya bisa jita-jita. Tsohon kare mai lalataccen marfin zuciya kuwa, ƙwayoyin rage ruwa da na ƙarfafa bugun zuciya kan ƙara masa kwanaki cikin sauƙi.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa shi ne asibitin dabbobi na gwamnati a cikin garin Gombe ya zama wurin da za a gaya wa mutum gaskiyar cutar karensa da kuɗi kaɗan: kayan gwajin jini, na'urar hoton ciki da ta ƙirji, da ma'aikacin da aka horar ya karanta su. Na'urar da za ta duba zuciyar kare ita ce za ta duba cikin saniya da tunkiya, don haka masu kiwo ma za su amfana. A kuma liƙa farashin komai a bango da Hausa da Fulatanci. Tsoron kuɗin da ba a sani ba ya fi kuɗin kansa korar talaka.

Sannan maganar wa zai biya. A 1917 wata mata mai suna Maria Dickin ta buɗe ɗan ɗaki a ƙarƙashin wani gini a unguwar talakawa ta Whitechapel a Landan, tana sa a duba dabbobin matalauta kyauta. Ƙungiyarta, PDSA, tana nan har yau da gudummawar jama'a. Mu kuwa ba sai mun je Ingila aro ba. A zamanin daular Usmaniyya an yi wakafai a Istanbul don ciyar da karnuka da kyanwoyin titi. Ku buɗe asusun wakafi na jinyar dabbobin marasa ƙarfi, ma'aikata ta ba da ofis da likita, dillalan shanu da attajirai da masu karnukan gidan gayu su zuba abin da ya samu, mai unguwa ya shaida wanda ya cancanta, a riƙa bayyana lissafi duk shekara. A sa iyakar abin da za a kashe wa dabba ɗaya. Wanda cutarsa ta wuce magani, likita ya faɗa wa mai shi, a sauƙaƙa masa da allura maimakon jifa da sanda ko guba a tuwo, wadda kaji da yara ma ke iya ɗauka.

Ku nemi malamanmu su taya ku. Kowane ɗalibi ya san labarin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi. Shari'a ta yarda da karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Tsanar da ake nuna masa a titi al'ada ce, huɗubar Juma'a guda na iya rage ta.

Abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, da yawansu yara. Ana katse shi ne in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, duniya kuma ta sa 2030 a gaba don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa allurar. Amma karen da ba shi da mai shi, wa zai kama shi a yi masa? Wanda ya tsinci kare ya ɗaure shi a gidansa ya rage mana kare ɗaya a juji. In ya zo asibiti da ciwon zuciya aka karɓe shi hannu bibbiyu, gobe shi zai kawo maƙwabcinsa rigakafi.

Ku fara da mu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma ta faɗo a ƙarshen damina, lokacin da sauro ya gama ɓarnarsa. A ranar ku kafa rumfa a Nasarawo tare da hakimi da masu unguwanni da sarkin baka da shugabannin 'yan banga, a yi allurar kyauta, a saurari ƙirjin kowane kare, a ɗebi jinin waɗanda ke tari. Abin da gwajin ya nuna shi zai gaya muku yawan maganin da za ku sa a kasafin baɗi, kafin ku wuce Bolari da Pantami da Herwagana.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mazaunin Nasarawo, Gombe