Tsakanin na'ura da ɗan gari: wa zai kai mu Cake?

 Zancenmu na wannan mako ya shafi duk wanda sana'a ko aikin gwamnati ke ɗora shi bisa hanya: ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye neman gero da wake da riɗi, malamin makaranta da aka canja wa wurin aiki, ma'aikacin gidan gona ko na kiwon lafiya da aka aika rangadi. Yau ba abin mamaki ba ne ka shiga mota ka tarar da salula maƙale gaban direba, wata murya tana ba shi umarni da Faransanci, ya yi dama ko ya yi hagu. To, wannan murya, har ina ya kamata a yarda da ita? Domin amsa wannan tambaya, bari mu ɗauki misali da Cake, wadda ake rubutawa Tchaké a takardun hukuma, ɗaya daga cikin kwaminonin karkara na departaman Mayahi, maƙwabcin departaman Tasawa, a jahar Maraɗi.

Da farko sai a rarrabe abu biyu da jama'a ke haɗawa: GPS daban, taswira daban. GPS taurarin ɗan Adam ne na sojan Amurka. An harba na farkonsu a 1978, kuma a 1995 aka bayyana tsarin ya kammala da taurari 24, suna shawagi kimanin kilomita 20,200 bisa kawunanmu. Kowane ɗayansu yana aiko da lokaci da matsayinsa ba dare ba rana. Na'urar da ta jiyo aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take a doron ƙasa. Kafin watan Mayu na 2000, da gangan Amurka ke gurɓata saƙon ga farar hula, har kuskure ya kai mita 100. Da shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, sai ya koma kamar mita 10 ko ƙasa da haka. Bayan wannan, Rasha na da nata mai suna GLONASS, na Turai mai suna Galileo ya fara aiki a 2016, na Sin mai suna BeiDou ya kammala a 2020, kuma galibin sabbin salula suna sauraron fiye da ɗaya. Abin lura shi ne, sauraro kawai na'urar ke yi kamar akwatin rediyo: ba ta cin kuɗi, ba ta buƙatar rezo. Ko a tsakiyar dajin da waya ba ta shiga, ta san inda kake.

Amma sanin inda kake ba shi ne sanin inda za ka bi ba. Wannan aikin taswira ne, ita kuwa taswira ɗan Adam ke zana ta. Google Maps ta fito a 2005. OpenStreetMap, wadda ƴan sa-kai ke zanawa kyauta, an kafa ta a Ingila a 2004. A karkara irin tamu, yawancin hanyoyin da ke cikinsu daga hotunan sama aka kwafe su. Hoton sama yana nuna zane bisa rairayi, amma ba ya faɗin ko hanyar mota ce, ko ta amalanke, ko kuwa burtalin shanu. Muddin kana bisa babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, ba ka da damuwa. Rigima tana farawa ne daga inda gudro ya ƙare.

Akwai abu uku da taswirar aljihu ba ta sani ba. Na farko, damina. Hanyar da kamyo ya bi cikin watan Maris, a watan Yuli ta zama gonar gero. Wanda ya kutsa ciki don murya ta ce ya miƙe, ƙarshensa gaban mai gari, ana ƙiyasta ɓarna. Haka kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi: a rani busasshe ne, goriba ko'ina, amma bayan ruwa mai ƙarfi fadamunsa kan riƙe ruwa da laka. Na biyu, rairayi. Na'ura na iya ce maka saura minti 40, alhali jigawa guda ta isa ta cinye maka yini in motarka ƙarama ce ko lodi ya yi mata yawa. Na uku, labarin duniya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024. Taswirar da aka sauke cikin waya ba ta da labari, tana nan tana nuna hanyar Ɗan Isa da Jibiya a buɗe. Haka ba ta san wace hanya ce ƴan bindiga suka addaba a yankunan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji ba. Ita gajeriyar hanya take nema, alhali magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ga ɗan kasuwa, kuskuren nan hasarar mai ne da lalacewar mota. Ga direban da ya ɗauko mace mai naƙuda daga likitar ƙauye zuwa asibitin Mayahi cikin dare, awa ɗaya cikin rairayi na iya zama hasarar rai biyu.

Sai kuma matsalar suna, wadda ta fi damun mu da ke rayuwa tsakanin harsuna biyu. Da Hausa muke kiran garuruwanmu, amma da rubutun Faransanci suka shiga taswira. Wanda ya rubuta Tasawa, mai yiwuwa na'ura ta yi shiru, sai ya rubuta Tessaoua. Gazawa ita ce Gazaoua, Gidan Rumji shi ne Guidan Roumdji, Damagaram kuwa Zinder ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce: inda Hausa ta sa c, a gwada tch, inda ta sa u ko w, a gwada ou, gi kuma ya koma gui. Bayan haka, sunaye na maimaituwa. Akwai Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, akwai wata Tibiri a jahar Dosso, tsakaninsu ɗaruruwan kilomita. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa, wa ya san iyakarsu? Kada mutum ya tada mota sai ya duba ya tabbata sunan da na'ura ta zaɓa yana cikin departaman da yake nufi.

Maganin ruɗanin suna shi ne lambobin wuri, amma su ma da nasu tarko. Iri biyu ake rubuta su. Garin Tasawa, alal misali, yana kusan digiri 13 da minti 45 arewa, digiri 7 da minti 59 gabas. Tunda minti 60 ke yin digiri, 13°45' daidai yake da 13.75. Wanda ya yi gaggawa ya buga 13.45, ya kauce da kashi 30 cikin 100 na digiri. Digiri guda kuwa kimanin kilomita 111 ne, ke nan ya aika direbansa kilomita 33 kudu da inda ake jiransa. Saboda haka, mai aikawa da mai karɓa su daidaita bisa rubutu iri ɗaya, kuma a kwafe lambobin yadda suke.

To, me ya kamata a saya? Shawararmu ita ce a fara tambayar taswira kafin a tambayi kuɗin na'ura. Motoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai sukan zo da allon GPS a jikinsu, amma taswirar Faransa ko Jamus ko Beljiyam ke ciki. A nan ado ne kawai, kada dillali ya ƙara maka kuɗi dominsa. Na'urori na musamman irin na Garmin suna da ƙarko, suna jure ƙura da jijjiga, sun dace da ma'aikatun da ke yawan shiga daji, da sharaɗin an zuba musu taswirar Nijar. Ga sauran jama'a, salula mai batir mai kyau da wadataccen wurin ajiya ta wadatar. A sa mata manhaja biyu: Google Maps domin birane da gudro, da ɗaya daga masu aiki da OpenStreetMap, kamar OsmAnd ko Organic Maps, domin karkara. Tun a shago mai saye ya nemi Mayahi da Tchaké ya gani da idonsa. In ba su fito ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Game da amfani kuwa, a sauke taswirar tun a Maraɗi ko Tasawa inda rezo ke da ƙarfi, a riƙa sabunta ta lokaci-lokaci. Tafiyar farko zuwa ƙauyen da ba a sani ba, a ɗauki ɗan gari a mota, a kunna abin da ke rubuta sawun tafiya, irin wanda OsmAnd ke da shi. Hanyar da ya nuna ta zama ajiya, ana iya aika wa abokin aiki, amma a rubuta watan da aka bi ta, don sawun rani ba na damina ba ne. A sa alama ga rijiya, famfo, likita, mai facin taya da mai sayar da mai. Kafin a bar inda waya ke shiga, a shaida wa na gida hanyar da za a bi da lokacin isa. A tanadi abin caji na mota, a kare wayar daga rana, domin zafin Afrilu da Mayu bayan gilashi na sa ta ɗauke aiki. Direba ya bar wa yaron mota ko na kusa da shi duban allo, shi ya dubi hanya. Taswirar takarda ma ba ta tsufa ba, sai dai a san ma'auninta: ta Michelin mai lamba 741, santimita 1 kilomita 40 ne, ƙauyuka da dama na ɓuya ƙarƙashin ɗan yatsa, masu ma'aunin 1 bisa 200,000, irin na cibiyar taswira ta ƙasa IGNN a Yamai, santimita 1 kilomita 2 ne, ko da yake asalin da yawansu tun shekarun 1950 da 1960 ne. Ruwan sha, tayar sauyi da shebur kuwa, babu tauraron da zai maye gurbinsu.

Daga ƙarshe, akwai nauyin da ya rataya a wuyanmu. Tun 2002 doka ta kafa kwaminoninmu, amma har yanzu wanda bai taɓa taka ƙasar Mayahi ba shi ke zana mana yawancin hanyoyinta daga nesa. Alhali OpenStreetMap a buɗe take ga kowa, kuma tana karɓar sunan wuri da harshe fiye da ɗaya. Malamin makaranta, majo na likita, sakataren kwamin, ɗan kasuwar da ya san ranar kowace kasuwa, kowannensu na iya sa ƙauyensa, da sunansa na Hausa da na Faransanci, ya bambanta hanyar mota da burtali. Ranar da motar asibiti za ta nemi ƙauyen cikin dare, wannan ɗan aiki zai yi rana.

Kafin wannan lokaci, in kun iso mararraba, na'ura ta ce dama, tsoho mai amalanke ya ce hagu, ku sauko ku gaishe shi, ku tambaye shi dalili. Shi ya ga ruwan da aka yi shekaranjiya. Matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.