Kukan kaza gargaɗi ne ga gidan baki ɗaya

Kaza ba ta da ƙarfin kare, amma duk wanda ya taɓa ganin mai 'yan tsaki ta hangi maciji ya san ba ta gudu haka kawai. Takan bushe gashinta, ta buɗe fukafukai, ta yi wani kuka mai kaifi, 'yan tsakin su watse su lafe, ita kuma ta tare hanya tana sara. Zabi sun fi ta hayaniya: sukan taru su kewaye macijin, su yi ta ihu har sai ya sulale ko mutane sun fito.

A ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, wannan kuka ya cancanci a saurare shi da kyau. A gidajen da ɓarayin daji suka kwashe wa shanu da awaki, kaji da zabi ne suka rage wa mata a matsayin asusu: kuɗin magani, kuɗin sabulu, hidimar suna. Gamsheƙa ɗaya da ta saba da akurki za ta iya cinye ƙwai da 'yan tsaki cikin kwanaki kaɗan.

Asarar kuma ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. Macijin da ya zo neman ƙwai, shi ne yaro zai taka da magariba. Da damina ruwa kan cika ramuka, macizai su nemi tudu, kuma ambaliyar da ta afka wa Gummi a 2024 ta nuna yadda ruwa ke iya shiga har cikin gari. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, gamsheƙa kuwa tana feso dafi cikin ido. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su. A yankin da fita da dare ke da haɗari saboda rashin tsaro, kai wanda aka sara asibiti kan zama wata wahalar ta daban.

Don haka bai kamata a bar wa kaza aikin gadi ita kaɗai ba. Ɓera ne ke jawo maciji, shi kuma hatsin da ya zube gindin rumbu ne ke jawo ɓera. A share shi. A ɗaga akurki daga ƙasa, a toshe kafofinsa, a nisanta tarin itace da kara daga ɗakin kwana, a sare ciyawar bayan gida. Kada a tura yaro ɗauko ƙwai cikin duhu babu tocila.

In an yi sara, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A garzaya asibiti. In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Su kuma hukumomin lafiya na Zamfara, haƙƙinsu ne su ajiye maganin dafin maciji a manyan asibitocin ƙananan hukumomin nan uku, tun kafin ruwan sama ya kankama.

Idan kaza ta yi irin wannan kuka, babba ne ya kamata ya fita dubawa, da haske da doguwar sanda a hannu.