Kiwon kajin nama a Nijar: maganar tana wurin ɗan tsako

Duk wanda ya leƙa kasuwar kaji a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai gab da salla ko ƙarshen shekara, zai ga fararen kajin nan masu faɗin ƙirji, waɗanda wasu ke kira kajin turawa, wasu kuma kajin gidan gona. Matasa da mata da dama sun rungumi kiwonsu, domin cikin kwana 40 zuwa 45 kaza kan kai kilo 2, alhali kazar gida sai ta share watanni ba ta kai haka ba. To amma in ka tambayi mai kiwo abin da ke hana shi barci bayan tsadar abinci, zai ce maka ɗan tsako ne: ina za a samo shi, yaushe zai iso, kuma da rai ko a galabaice.

Masu saurare a karkara za su ce, to me zai hana a ware kaji kaɗan da zakara, su yi ƙwai a ƙyanƙyashe, kamar yadda iyayenmu mata suka saba? Amsar ita ce kazar nama ba irin gado ba ce. An same ta ne ta hanyar haɗa layuka huɗu na kaji daban-daban, kuma asalin layukan na hannun kamfanoni ƙalilan a duniya, manyansu Aviagen mai irin Ross 308 da Cobb-Vantress ta Amurka mai irin Cobb 500. Su ke sayar da kakannin kaji, daga kakanni a samu iyaye, daga ƙwan iyaye a samu tsakin da ke zuwa hannun mai kiwo. Idan ka bar kazar nama ta girma don ta hayayyafa, ƙiba za ta hana ta yin ƙwan kirki, ƴaƴanta kuma ba za su fito iri ɗaya ba. Ke nan duk zagaye sai an koma wurin mai ƙyanƙyasa an sayo sabo.

Shi kuwa gidan ƙyanƙyasa aikinsa na lissafi ne. Iyayen kaji sai sun kai kusan wata 6 kafin su fara ƙwai, ana haɗa zakara ɗaya da kaji kamar goma. Ƙwan da aka tara ana ajiye shi wuri mai sanyi, ba a so ya wuce mako guda. Daga nan a sa shi cikin injin da ke riƙe zafi wajen digiri 37 da rabi, da danshi daidai gwargwado, yana juya ƙwan a kai a kai. Ranar 18 a mai da shi injin ƙyanƙyasa, ranar 21 tsaki su fito. A ware naƙasassu, a yi rigakafi, a zuba a kwali. In wuta ta ɗauke na sa'o'i masu yawa a tsakiyar wannan mako uku, kuma babu injin da zai karɓa, dubban ƙwai na iya zama baragurbi a dare ɗaya.

Yanzu mu dubi taswira. Manyan gidajen ƙyanƙyasa mafi kusa da mu suna Najeriya, kuma cibiyarsu Ibadan da kewaye, can kudu maso yamma. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe wani babba a jihar Kaduna, abin da ya ɗan rage nisa ga arewa. Tsakon da ya taso daga Ibadan sai ya yi tafiyar sama da kilomita 800 kafin Kano, sannan ya biyo ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ko ta Daura zuwa Matamai da Damagaram. Allah ya hore wa ɗan tsako ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kamar kwana uku ba ci ba sha. Wannan kwana ukun shi ne duk jarin ɗan kasuwa. Mota ta lalace, ko a tsaya dogon jira wurin ƴan duwan cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, sai a buɗe kwali a tarar da asara. Waɗanda suka tsira ma sau da yawa ba su girma yadda ya kamata, mai kiwo ya yi ta zuba abinci yana zargin kansa.

Mun ga abin da dogaro da hanya ɗaya ke jawowa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, aka kuma yanke wutar da Nijar ke saye daga Najeriya, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da NIGELEC ke rabawa. Sai a Maris 2024 aka buɗe. Sau biyu ke nan cikin shekara biyar. Mai shinkafa zai iya ɓoye buhu ya jira, mai tsako ba shi da wannan damar.

Ga kuma batun cuta. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya. Tsakon da aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya, ba takardar likitan dabbobi, ba sunan gidan da ya ƙyanƙyashe shi, haɗari ne ga mai shi da kuma kaji da zabin maƙwabta, waɗanda su ne asusun mata a ƙauye.

Shi ya sa kiran a riƙa ƙyanƙyasa a gida yake da ma'ana, kuma akwai masu ƙoƙari a kai. Sai dai inji shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abu na farko ƙwai mai zakara na irin nama, wanda ko dai a kiwata iyayen a nan, ko a riƙa shigo da ƙwan, wanda ya fi tsako jure tafiya. Na biyu wuta marar yankewa. Rana kam muna da ita, ga tashar Malbaza da ta Gorou Banda sun nuna ana iyawa, amma gidan ƙyanƙyasa na buƙatar batura da injin ko-ta-kwana don dare. Na uku abinci, wanda ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Ginshiƙinsa masara da waken suya, mu kuwa hatsi da wake muka fi nomawa, masara mai yawa daga maƙwabta take zuwa. Nan ne ake jiran INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su taimaka da haɗin da zai ci dawa, dusa da tunkuzar gyaɗa ba tare da kaza ta rame ba. Na huɗu sa ido na ma'aikatar kiwo, domin gidan ƙyanƙyasa ɗaya mai ƙazanta na iya raba cuta ga ɗaruruwan masu kiwo a mako guda.

Senegal misali ce abin dubawa. A 2005 ta hana shigo da naman kaji saboda murar tsuntsaye, kamfanonin gida irin su Sedima suka bunƙasa, kazar da ake ci a Dakar ta zama ta gida. Amma kasuwa mai tabbas ce ta jawo masu jari, kuma an ɗauki shekaru. Mu ma sai an yanke shawara a fili game da daskararrun kajin da ake shigowa da su, don ba wanda zai zuba miliyoyin sefa a gidan ƙyanƙyasa bai san wa zai saya ba.

Ga ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas ko Turai masu aiko kuɗi don a fara kiwo, kafin a sayi inji a tambaya: ƙwan daga ina, wutar daga ina? In tsaki za a saya, a san sunan gidan ƙyanƙyasa, ranar da suka fito da rigakafin da aka yi musu, a kuma tanadi na Gumboro da Niyukasil. A haɗa kai a ƙungiya a yi oda ɗaya, motar ta yi tafiyar dare. Mai son sayarwa da salla ya ƙirga mako shida baya, ya ƙara uku na ƙyanƙyasa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a sayar da kajin gida da zabi kaf don a shiga wannan harka. Su ke ƙyanƙyashe kansu, su ne kuma ke saura a tsakar gida duk ranar da aka rufe iyaka.