Tiyatar Rabin Gwiwa: Abin Da Likitocin Asiya Suka Gano, Da Abin Da Ya Shafi Masu Zuwa Indiya

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ya san cewa maganar zuwa Indiya neman magani ta zama ruwan dare a rumfunan kasuwa, kuma ciwon gwiwa na daga cikin abubuwan da ke kai dattawanmu can. Wasu kan dawo da labarin cewa likita ya ba su zaɓi biyu: ko a sauya gwiwar gaba ɗaya, ko a sauya rabi. Da yake ɗan kasuwa da jin rabi sai ya tuna da rangwame, ya kamata a yi wa jama'a bayani.

Gwiwa dai ɗaki uku gare ta: na ciki, na waje, da na ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Idan guringuntsin ɗaki ɗaya ne kaɗai ya cinye, galibi na ciki, ana iya sa ƙarfe da roba a wannan ɗaki a bar sauran yadda Allah ya halicce su. Yankan ƙarami ne, jini kaɗan ake zubarwa, mutum kan tashi da wuri, kuma gwiwar ta fi lanƙwasuwa. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan majinyata 528, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya nuna cewa bayan shekara 5 sakamakon rabi da na gaba ɗaya kusan ɗaya ne, amma rabin ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai rajistar tiyatar gaɓɓai ta ƙasar ta daɗe tana nuna cewa masu rabi sun fi komawa a sake yi musu aiki.

To me ya sa binciken mutanen Asiya ya fi shafarmu? Dalili shi ne yadda ake amfani da gwiwar. Bature kan kujera yake ci, kan kujera yake hira. Mutumin Koriya, Japan ko Indiya kuwa a ƙasa yake zama, yana tanƙwashe ƙafa, yana tsuguno, kamar dai yadda mu ma muke yi a kan tabarma, a bayan gida, da kuma sau biyar a rana wajen sujada da zaman tahiya. Nau'in da aka fi sani, wanda Goodfellow da O'Connor suka ƙirƙiro a Oxford a shekarun 1970, yana da roba mai zamewa a tsakanin ƙarafan. Likitocin Koriya da Japan sun lura cewa wannan roba ta fi gocewa daga mazauninta a jikin majinyatansu fiye da na Turai, kuma ana danganta haka da yawan lanƙwasa gwiwa har ƙarshe. Idan ta goce, sai an sake buɗe ƙafar. Akwai nau'in da robarsa kafaffiya ce, don haka wanda ya san ba zai bar zaman ƙasa ba, ya faɗa wa likita tun kafin a zaɓa masa.

Babban abin da ke nuna ko aikin zai yi kyau shi ne halin da gwiwar take ciki kafin a taɓa ta. Ana so hoto ya nuna ƙashi na gugar ƙashi a ɗaki ɗaya, sauran ɗakunan lafiya lau, jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ba ta tsinke ba, kuma in ƙafar ta yi baka, bakan mai miƙuwa ne idan likita ya ja shi. Wanda guringuntsinsa bai gama cinyewa ba ya fi kokawa da ciwo bayan aiki, haka nan wanda ciwonsa na kumburin gaɓɓai ne mai bin jiki duka bai dace da rabi ba. Nan ne matsalarmu take, domin mutanenmu sai sun sha ɗori da sassaƙe da allurar kashe ciwo shekara da shekaru kafin su nemi biza, lokacin da lalacewar ta riga ta tsallaka sauran ɗakunan.

Batun shekaru da ƙiba kuwa ra'ayi ya sauya. A 1989 likitocin Amurka biyu, Kozinn da Scott, sun ce a yi wa wanda ya haura shekara 60 kuma bai kai kilo 82 ba. Daga baya likitocin Oxford suka nuna cewa waɗannan iyakoki sun yi tsauri. Duk da haka ciwon sukari da ba a daidaita ba yana ƙara haɗarin ruɓewar ciwo, kuma wanda ya shiga tiyata da ƙarfin cinya da kwanciyar rai ya fi fita da kyau.

Sai hannun likitan, wanda a ganina shi ne abin da dillalan asibiti ba sa son a tambaya. Alƙaluman Ingila sun nuna cewa likitan da ke yin rabi jefi-jefi, majinyatansa sun fi dawowa, yayin da wanda aƙalla kashi 20 cikin 100 na aikin gwiwarsa rabi ne ya fi samun nasara. Ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun shinkafa sai ya soka tsinke ya gani, bai kamata ya ji nauyin tambayar likita guda nawa yake yi a shekara ba.

A watan Agusta na 2017 gwamnatin Indiya ta ƙayyade farashin ƙarafan gwiwa, abin da ya rage tsadar kayan, amma bai taɓa kuɗin ɗaki, na likita, na tafinta da ladan dillali ba. Kuma lissafin bai ƙare a filin jirgi ba, domin akwai makonnin motsa ƙafa bayan an dawo gida, sannan a tabbatar an karɓo takardar da ke ɗauke da suna da lambar ƙarfen da aka sa, saboda duk likitan da zai duba ƙafar a Yamai ko Kano ita zai fara nema.