A Daina Goge Kan Injin Keke Da Sunan Ƙara Masa Ƙarfi



Tun da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011, matasanmu masu acaɓa da yawa suka koma keke Napep. Sai dai wata ɗabi'a ta zamanin babur ta biyo su: a kai inji gareji, a ce wa makanike ya goge kan silinda ko ya sa siririn gasket, wai don keke ya ƙara ja. Mu a ƙungiyance ba mu yarda da wannan ba.

Fistin yana matse fetur da iska a cikin silinda, sannan filogi ya kunna musu wuta. In aka goge kai, wurin zai ƙara tsukewa, matsi ya ƙaru. Ba mu musa ba, za a ji ɗan ƙarin ja. Amma matsi mai yawa sai fetur mai jure shi. In babu, wani ɓangare na man zai fashe da kansa ba bisa lokaci ba. Shi ne ƙarar ƙwas-ƙwas da kuke ji in keke ya ɗauki kaya, kuma kowace ƙara duka ce a kan fistin. Ku haɗa da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da man galan na bakin titi da ba a san me aka garwaya masa ba. Ƙarshenta gasket ya ƙone, ko fistin ya huje, inji ya buga.

Masu kare abin suna cewa ai 'yan tseren babur a Turai na yi. Su mai na musamman suke sha, kuma a kai a kai ake kwance musu inji. Kai fa? Tun asuba kake jigila daga Bulumkutu zuwa Monday Market, ga balas na jiranka da yamma.

Wani ɗan ƙungiyarmu da ya karɓi keke biya kaɗan-kaɗan ya yi wannan aiki. Bai jima ba injin ya buga, mai keke ya ƙwace abinsa, kuɗin da ya zuba suka bi ruwa. Garin neman ƙiba an samo rama. Da yadda komai ya yi tsada tun cire tallafin mai a 2023, ga asarar ambaliyar Alau ta Satumban 2024, wa ke da kuɗin sabon inji?

Makanikai, ku ji tsoron Allah. In zafi ne ya lanƙwasa kai, a daidaita shi gwargwadon buƙata, wannan gyara ne. Amma goge lafiyayyen inji don kuɗin aiki cin amana ne, domin abin da aka goge ba ya dawowa.

Direbobi, mai son ja ya riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, ya wanke matatar iska saboda ƙurar garin nan, ya sa a saita masa bawul, ya daina lodin da ya fi ƙarfin keke. Kuma muna ba da shawara, duk wanda ya goge inji da gangan, kada asusun taimakon ƙungiya ya biya masa gyara. Za mu kawo maganar a taro mai zuwa.

Allah ya tsare mana hanyar abincinmu.

Sakataren Ƙungiya